Tambayoyi da amsoshi kan maganin ciwon damuwa, waya, da masu binciken ko muna shan magani yadda aka ce

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga 'yan uwa mazauna Legas, daga Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende har Alaba Rago. Wasu su ne ke shan maganin, wasu kuma mata ko ƙani ko mahaifiya ce ke sha, su ne masu saye da raka ta asibiti. Na sa musu lamba don in riƙa nuna inda amsa ta haɗu da wata. Abin da likitanka ya faɗa maka bayan ya duba ka shi ne gaba da duk abin da ke nan.

1. Wai wannan maganin da likita ya rubuta min ba na masu taɓin hankali ba ne?

A'a ɗan'uwa. Ciwon damuwa shi ne wanda zai danne mutum sati biyu ko fiye, ba ya jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ya fita ransa, jiki ya mutu. Mu kuma da yawa ba ma cewa "ina baƙin ciki", sai dai mutum ya ce kansa na zafi, ko wani abu na masa yawo a jiki, ko zuciya na bugawa, ya yi ta shan maganin maleriya da taifot wata da watanni a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ƙiyasta mutum miliyan 280 ne ke fama da shi.

Magungunan kala-kala ne. Akwai tsofaffi irin amitriptyline da imipramine da ake amfani da su sama da shekara 60, su ne masu araha, akwai kuma na baya-bayan nan irin fluoxetine, wanda Amurka ta amince da shi a 1987 da sunan Prozac, da sertraline da escitalopram. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, mutum sama da 116,000, aka ga dukkansu sun fi ƙwayar gwaji da ba magani a cikinta aiki. Ba wai kowanne ke yi wa kowa ba, shi ya sa wani lokaci sai an canza.

2. Na sha kwana goma ban ji komai ba sai tashin zuciya da bushewar baki. In bari?

Kar ka bari tukuna, a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Maganin nan illarsa ke riga amfaninsa zuwa, yawanci sai sati 2 zuwa 4 ake fara jin sauƙi, wani ma sai 6, alhali tashin zuciya da ciwon kai na iya zuwa tun kwanakin farko sannan su lafa. Amitriptyline shi ne mai busar da baki da sa barci da taurin bayan gida, shi ya sa ake shansa da dare. Su fluoxetine da sertraline kuma suna iya rage sha'awar iyali, wannan magana ce da maza ba sa faɗa wa likita sai dai kawai su ajiye maganin su yi shiru, alhali da sun faɗa akwai yadda ake yi, a rage ko a canza.

Amma in ka ji rashin natsuwa mai tsanani, ko tunanin cutar da kanka ya ƙaru, musamman matashi ɗan ƙasa da shekara 25, ko ka kwana biyu ba barci kana jin ƙarfi da surutu da kashe kuɗi barkatai, wannan ba na jira ba ne, duba lamba 14.

3. Me ya sa masu bincike suka damu da ko mun sha magani ko ba mu sha ba?

Saboda maganin da ke cikin durowa ba ya warkar da kowa. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa a ƙasashen da suka ci gaba ma, kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka tsara musu. A ciwon damuwa abin ya fi wuya don ciwon da kansa yana kawo mantuwa da kasala da jin cewa ba abin da zai yi amfani.

Akwai kuma matsalar likita. In ka koma ka ce "ba sauƙi" alhali rabin kwanakin ba ka sha ba kuma ba ka faɗa ba, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara maka ƙarfinsa ko ya canza wani mai tsada. Gaskiyar da za ka faɗa a minti ɗaya ta fi duk na'urorin da za mu yi magana a kansu a ƙasa.

4. To ta yaya suke gane mutum ya sha ko bai sha ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce a tambaye ka, ita ce kuma mafi rauni, don ɗan adam yana jin kunyar likita. Sai ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati. Sai duba rijistar famasi a kwamfuta, wannan ita ce babbar hanyar da ake bi a Amurka da Turai: a lissafa cikin kwanakin da ya kamata kana shan magani, kwana nawa ne akwai magani a hannunka, in ya kai kashi 80 cikin 100 sai a sa ka cikin masu bin ƙa'ida. A Amurka har wani ma'auni suka yi amfani da shi na duba wanda ya ci gaba da karɓa tsawon kwana 84 na farko, da wanda ya kai kwana 180. Akwai kuma kwalba mai murfin lantarki da ke rubuta rana da lokacin da aka buɗe ta.

Kowacce da gurguntarta. Buɗe kwalba ba haɗiyewa ba ne, karɓar magani ma ba sha ba ne. Mu a Legas kuwa lissafin rijista ma ba ya kama mu, don wannan watan ka saya a famasin asibiti, wata mai zuwa a kemis ɗin bakin layi kati ɗaya-ɗaya gwargwadon kuɗin aljihu, na gaba kuma wani ya taho maka da shi daga Kano. A kwamfutar asibiti za ka fito a matsayin wanda ya daina, kai kuwa kana sha. Don haka in ka ga an ce "bincike ya nuna kashi kaza na daina magani", fara tambaya a ina aka yi shi, da wace hanya aka ƙirga.

5. Da gaske akwai ƙwayar da in ka haɗiye take aika saƙo zuwa waya?

An yi ta. A watan Nuwamba 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Abilify MyCite, maganin aripiprazole ne da aka saka wa ɗan ƙaramin na'ura, in ya taɓa ruwan ciki sai ya aika sigina zuwa wata filasta da aka manna a jiki, ita kuma ta tura wa waya. Ba asalin maganin damuwa ba ne, ana dai ƙara shi a kai wani lokaci. Ya yi tsada sosai, kuma ko a takardar amincewar an rubuta cewa ba a tabbatar yana ƙara wa mutane bin ƙa'ida ba, kamfanin da ya ƙera na'urar, Proteus, ya karye a 2020. Maganin da kake saya a nan babu wannan a ciki, kar wani ya tsorata ka.

6. Saƙon tunatarwa a waya fa, yana aiki ko ɓata kati ne?

Yana aiki ga mai mantuwa. Ga wanda ya ajiye magani da gangan kuwa, saboda kuɗi ko illa ko gorin dangi, ko tes ɗari ka tura masa ba zai sha ba, ƙarshe ma ya toshe lambar.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Kenya ya zo, duk da a kan masu shan maganin ƙanjamau aka yi shi. A gwajin WelTel da aka buga a 2010, sau ɗaya a sati ake tura wa majinyaci gajeren saƙo na tambayar lafiya, in ya amsa cewa akwai matsala ko ya yi shiru kwana biyu sai nas ta kira shi. Masu samun saƙon sun fi sauran bin ƙa'ida, kashi 62 a kan kashi 50. Ku lura saƙon ko sunan magani bai ambata ba, abin da ya riƙe mutane shi ne sanin cewa akwai wani a ɗaya gefen da zai kira. A ɓangaren ciwon damuwa ma abin da aka fi samun nasara da shi ke nan, tsarin da ma'aikacin lafiya ke bibiyar mutum a waya yana tambayar illa yana haɗa shi da likita, ya fi ƙararrawa zalla nesa ba kusa ba.

A nan gida Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi gwajin STEPCARE a ƙananan asibitocin Ibadan, aka buga a 2019. Ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba ne suka kula da masu damuwa, suna tuntuɓar likita ta waya in abu ya fi ƙarfinsu. Bayan shekara ɗaya kusan kashi uku cikin huɗu sun samu sauƙi, a ɓangaren sabon tsarin da ma ɓangaren da aka kwatanta da shi, wanda su ma an horar da ma'aikatansu. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne horar da ma'aikacin da ke kusa da kai ya fi sayen sabuwar fasaha, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200.

7. In sauke manhajar lafiyar ƙwaƙwalwa a wayata?

In za ka yi amfani da ita, bismillah. Amma wani nazari na 2019 da ya duba yadda mutane ke amfani da irin waɗannan manhajoji a zahiri ya gano bayan kwana 30 kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai ke buɗe su. Mafi yawansu da Turanci ne, suna cin data, kuma ba a gwada su a asibiti ba. Kaɗan ne aka tantance, kamar Rejoyn da Amurka ta amince da ita a 2024, ita ma a matsayin ƙari ga wanda yake kan magani ne, ba a madadinsa ba.

Shawarata, ƙararrawar ƙaramar wayarka ta isa, ko ka ɗaura shan maganin a kan abin da ba ka fashi, bayan Asuba ko bayan Isha'i. Ka riƙa sa alama a kalanda ko bayan kwalin. In kana son auna kanka akwai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, maki daga 0 zuwa 27, ma'aikatan lafiya na amfani da su don ganin ko ana samun ci gaba, ka ce a yi maka da Hausa. Maganar sirri kuma tana lamba 12.

8. Alhamdulillah na warware. Yaushe zan daina?

Ba yanzu ba, Hajiya, nan ne rami na biyu bayan na lamba 2. Ƙa'idar Ingila ta ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce wata 9 zuwa 12, wanda ciwon ya sha dawo masa kuwa yakan fi haka daɗewa.

A 2021 an buga gwajin ANTLER na Ingila, mutum 478 da suka daɗe kan magani kuma suna jin sun isa dainawa. Aka raba su biyu, cikin shekara ɗaya ciwon ya dawo wa kashi 56 na waɗanda aka janye wa maganin, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Ka karanta shi ta fuska biyu: ci gaba da sha na rage haɗari, amma kuma sama da kashi 40 na waɗanda suka daina lafiya ƙalau suka zauna. Wato dainawa abu ne mai yiwuwa, sai dai da shawara da tsari, a rage sannu a hankali cikin makonni ko watanni. Mai ciki ko mai shayarwa ita ma kar ta yanke da kanta don tsoron jariri, ta fara zuwa a duba wane ne ya dace da ita.

9. Maganina ya ƙare kwana uku, sai jiri da wani abu kamar shokin a kaina. Na kamu da jarabarsa ke nan?

Wannan alamun yanke magani farat ɗaya ne: jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai, saurin fushi, da wannan fizgar kamar lantarki. Ya fi yawa a paroxetine da venlafaxine don suna saurin fita daga jiki, fluoxetine ya fi sauƙi don yana daɗewa. Ya bambanta da jarabar tramadol ko kodin, babu ƙishirwar ƙara yawa ko neman buguwa, jiki ne dai ya saba. Amma ba ƙaramin abu ba ne, an daɗe ana cewa sati ɗaya ko biyu ne ya wuce, sai da majinyata suka yi ta rubuta abin da suke ji a intanet kuma masu bincike suka tattara, a 2019 hukumomin Ingila suka gyara jagorarsu suka yarda cewa ga wasu yana tsanani kuma yana daɗewa.

In rana ɗaya ka manta, sha in ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, kar ka haɗa biyu.

10. Maganar gaskiya kuɗi ne matsalata, me binciken ya ce a kan wannan?

Babu manhajar da ke biyan kuɗin magani. Tun da naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya tashi, ga kuɗin mota daga Ikorodu ko Agege zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, ga gosulo, ga yinin da mai shago ko mai dako zai rasa a layin kati. Faɗa wa likita ƙarara cewa ba za ka iya wannan ba, amitriptyline da fluoxetine duk suna cikin jerin muhimman magunguna kuma akwai na kamfanoni daban-daban masu sauƙi. Tambayi ko za a tsawaita ranar dawowa in ka daidaita, ko a riƙa bibiya ta waya. Bincika inshorar jihar, Ilera Eko, ka ji me take ɗauka kafin ka biya. Abin da ba a so shi ne dabarar shan rana ɗaya a tsallake rana ɗaya don kati ya daɗe, tana jawo abin da ke lamba 9. Kuma duba lambar NAFDAC, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura.

11. Azumi fa, ko tafiya gida Sallah, ko tramadol da maganin gargajiya?

Yawancin magungunan nan sau ɗaya ake sha a rana don haka azumi bai cika hana su ba, mai sa barci bayan buɗa-baki ko Isha'i, wanda ake sha da safe a mayar da shi sahur, amma a tsara da likita kafin wata ya kama. Mai tafiya Arewa ya ɗauki abin da zai ishe shi har da ƙari, don sati biyun da aka ce kan zama wata biyu.

Tramadol kuwa wallahi a kiyaye. Haɗa shi da su fluoxetine ko sertraline ko amitriptyline na iya kawo farfaɗiya, ko zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa mai kai mutum gadon asibiti. Masu aikin ƙarfi da ke sha don gajiya su faɗa wa likita, ba NDLEA ba ne shi. Jiƙo da 'yan haɗe-haɗen kwalba su ma a ambata. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da ƙwaya, a haɗa, matsalar kawai ita ce wanda zai ce sai ka zubar da maganin asibiti kafin ya yi maka.

12. An ce in shiga wani bincike, za su sa min manhaja su riƙa bin bayanaina. Me zan tambaya?

Tambayi wace jami'a ko asibiti ce ke yi, da kuma lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, duk binciken lafiya na gaskiya a Najeriya sai ya bi ta nan. A karanta maka takardar yarda da harshen da kake ji kafin ka sa hannu. Me manhajar za ta ɗauka, inda kake zuwa ne, ko kiran waya, ko barci? Wa zai gani, a ina za a ajiye, yaushe za a goge? Kana da damar ƙi, da damar fita a tsakiya, ba tare da an taɓa jinyarka ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman.

Ba tsoro ne na banza ba. Wani nazari na 2019 ya duba manhajoji 36 na damuwa da na barin taba, 33 daga ciki suna tura bayanai ga wasu kamfanoni, akasari Google da Facebook. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa BetterHelp, wani kamfanin ba da shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 kan raba bayanan masu neman shawara don talla. Ga kuma namu na gida: waya ɗaya miji da mata da yara ke taɓawa, wani lokaci a bar ta wurin mai caji. Ka ce saƙon da za su turo kar ya ambaci ciwo ko sunan magani.

13. Wai waya za ta iya gane mutum na cikin damuwa ko ya daina magani ba tare da ya faɗa ba?

Ana ta gwadawa, ta hanyar duba raguwar fita, canjin barci, yadda ake danna rubutu, da kuma tace rubuce-rubucen mutane a shafukan Twitter (X a yanzu) da Reddit don jin me suke cewa kan illa da dalilin dainawa. Wannan na biyun ya yi amfani kamar yadda na faɗa a lamba 9. Na farkon kuwa har yanzu bai zama abin dogaro a asibiti ba, kamfanin Mindstrong da ya tara maƙudan kuɗi a kansa ya rufe a 2023. Kuma yawancin bayanan daga masu rubutu da Turanci ne a Amurka da Turai. Mai gadi a Ikoyi da ba ya barci da dare, ko 'yar kasuwa da wayarta ke mutuwa in an ɗauke wuta, na'urar da aka koya wa rayuwar ɗalibin Boston za ta yi musu fassarar da ba haka ba.

14. Ina zan je a Legas, kuma yaushe abin ya zama na gaggawa?

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da LASUTH a Ikeja, kuma za ka iya farawa daga ƙaramin asibitin unguwa ko janar su tura ka. Na san sunan Yaba kaɗai na sa wasu ja da baya saboda tsokanar da ake yi da shi, amma yawancin masu zuwa ganin likita suke su koma gida ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na sirri da na a yi masa bayani.

Gaggawa ita ce in mutum na maganar kashe kansa ko ya fara shiri, ko ya sha magani fiye da ƙima, ko ya daina ci da sha, ko ya suma ko ya ruɗe. Kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, a kira 112 ko 767 ko a wuce sashen gaggawa mafi kusa. Amitriptyline in ya yi yawa yana taɓa zuciya, don haka ko mutum ya ce lafiyarsa lau a kai shi, kuma a gida a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa. A tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har na kemis da na gargajiya, da wani babba da ke jin Turanci ko Yarabanci in mara lafiyar Hausa kawai yake ji.